Zare: Wa ya lissafa rodin dekin ɗinka?

1/ Yau a kan rodi zan yi magana, kuma na san wasu za su ji haushi. To su ji. Sati biyu ke nan kawuna, ƙanin mahaifiyata, yake amsa gaisuwata da ƙyar, saboda na hana shi zuba dekin. Gara ya yi fushi da ni yana raye. Zaren yana da tsawo, ku daure ku bi shi har ƙarshe, musamman mai gini da mai tara kuɗin gini.

2/ Ranar wata Alhamis da la'asar ya kira ni. "Injiniya, ka zo ka sa mana albarka, jibi za mu zuba." Ku lura, albarka ya ce, bai ce dubawa ba. An gama kafa katako, an jera gora, an ɗaure rodi, siminti yana jibge, an ba mai injin kwaɓa kafin alƙalami. Na hau sama da tef a hannu. Wallahi minti biyar ban yi ba gabana ya faɗi.

3/ Falo ne mai faɗin mita 6 da tsawon mita 7, babu bim ko ɗaya a tsakiya, wai Hajiya ba ta son ganin bim a silin. Kaurin dekin milimita 150. Rodin da aka shimfiɗa mai mil 10 ne a baki, da na auna bai wuce 9 ba. Tazara tsakanin rodi da rodi santimita 30, wani wurin har ƙafata ta shige. Ga baranda mai leƙowa waje, rodinta duk yana kwance a ƙasa.

4/ Na ce Kawu, ina zanen? Ya miƙo mini zanen ɗakuna, wanda ya nuna inda ƙofa take da inda taga take. Na ce na rodi nake nufi. Sai ya nuna mini mai ɗaurin rodi. Na tambaye shi, Malam, wa ya ba ka wannan lissafin? Ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, shekara 20 ina wannan aikin. Da ido nake gani. Ban taɓa yin wanda ya faɗo ba."

5/ Wannan kalmar, "na saba", ita ce abokiyar faɗana a yau. Ba na raina mai ɗaurin rodi. Yankan da lanƙwasawar da yake yi a rana ɗaya, ni ko sati aka ba ni ba zan iya ba. Amma hannu daban, lissafi daban. Mai harhaɗa magani ya fi likita sanin inda kowace ƙwaya take a kanta, duk da haka ba shi ke yanke yawan da za ka sha ba.

6/ Bari mu fara daga tushe. Me ya sa ake sa rodi a kankare tun farko? Kankare gwani ne wurin ɗaukar danni, amma rago ne wurin ja. Ƙarfinsa na jure ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa na jure danni ba. Ka lanƙwasa karan dawa ka gani: cikinsa yana matsewa, bayansa ne yake fara tsagewa. To rodi aikinsa ya tsaya daidai wurin da zai tsage ɗin.

7/ A tsakiyar ɗaki dekin yana son lotsawa ƙasa, don haka ƙasansa ne ake ja, rodi ya zauna a ƙasa. A kan bim ko bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu abin yana juyewa, samansa ake ja, dole a sa rodin sama. Baranda mai leƙowa ba pila kuwa, rayuwarta gaba ɗaya tana rodin sama. Ka sa shi a ƙasa, kamar ka ɗaura bandeji a ƙafar da ba ta karye ba.

8/ Sai nauyi. Mita ɗaya kubik na kankare yana kai kilo 2,400. Dekin mai kaurin milimita 150, kowane murabba'in mita kilo 360 ke nan, tun kafin tayil, kafin kujera, kafin mutum. Ɗaki mai mita 4 da 5 ya haura tan 7. Falon Kawu, murabba'in mita 42, ya haura tan 15. Wannan shi ne abin da 'ya'yansa za su riƙa kwana a ƙarƙashinsa suna kallon talabijin.

9/ Ga abin da ido ba ya gani. Wahalar da dekin yake sha ba ta ƙaruwa daidai da faɗinsa, tana ƙaruwa ne da faɗin sau kansa. Faɗin mita 3, lissafinsa 9. Mita 4, 16. Mita 6, 36. Wato daga ɗakin kwana mai mita 3 zuwa falo mai mita 6, faɗi ya ninka biyu, wahala ta ninka huɗu. Mai "na saba" zai ƙara rodi biyu-uku ya ce ya ƙarfafa.

10/ Kuma ba rodi kaɗai ba ne. Faɗin mita 6 a kan kaurin milimita 150 ba tare da bim ba, ko ka cika shi da rodi zai yi ciki ya lotsa, filasta ta riƙa tsagewa, tayil ɗin sama ya riƙa ɗagowa. Ko dai a ƙara kauri, ko a raba shi da bim. Wannan hukunci ne da ake yankewa a takarda tun kafin kafinta ya buga ƙusa ta farko. Tun ran gini, tun ran zane.

11/ Yanzu bari in nuna muku yadda ake ƙirga rodi, don kada wani ya sake ruɗa ku cewa wani sirri ne. Injiniyan tsari shi ke faɗar kauri da tazara bayan ya yi lissafin nauyi. Da zarar ya faɗa, ƙirga yawan sanduna lissafin firamare ne. Duk wanda ya iya lissafin buhunan masara a mota zai iya shi. Ku ɗauko biro.

12/ Ƙa'ida ta farko, nauyin rodi. Ka ninka kaurin sau kansa, ka raba da 162, ka samu kilo nawa ne a mita ɗaya. Lambar 162 daga nauyin ƙarfe ta fito, kilo 7,850 a mita kubik.
Mil 8: kilo 0.395
Mil 10: kilo 0.617
Mil 12: kilo 0.888
Mil 16: kilo 1.58
Mil 20: kilo 2.47
Ku adana wannan a waya.

13/ Cikakkiyar sanda mita 12 ce. Don haka sandar mil 12 tana da kilo 10.66, tan ɗaya kuma sanda 94 ne, ko 93 da ɗoriya. Mil 10, sanda 135 a tan. Mil 16, sanda 52 zuwa 53. Wannan ba ra'ayina ba ne, ba kuma farashin kasuwa ba ne da zai canja gobe. Haka yake a Kano, haka yake a Maraɗi.

14/ Misali kawai, kada wani ya ɗauka ya je ya zuba da shi. Ɗaki mai mita 4 da 5, a ce injiniya ya rubuta mil 12 a tazarar santimita 20, tsaye da kwance. Sandunan da za su tsallaka gajeren ɓangare ana jera su ne a kan tsawon mita 5. Ka raba 500 da 20, ka samu 25, ka ƙara ɗaya na bakin farko: 26.

15/ Kowace a cikinsu ba mita 4 cif za a yanka ba, dole ta shiga cikin bim hagu da dama ta kama. A ce mita 4.4. Sanda 26 sau 4.4, mita 114.4. Ɗaya ɓangaren: 400 a raba da 20, a ƙara ɗaya, 21. Kowace mita 5.4, jimla mita 113.4. A haɗa, mita 227.8. A ninka da 0.888, kimanin kilo 202. Rodin ƙasa kaɗai ke nan.

16/ Nan ne masu gaggawa suke faɗawa rami. Za su raba 227.8 da 12 su ce sanda 19 ta isa. Ba ta isa ba. Sanda ɗaya guntu biyu na mita 4.4 take bayarwa, a rage mita 3.2. Guntu biyu na 5.4 take bayarwa, a rage 1.2. Don haka 13 a nan, 11 a can: sanda 24. Bambancin sanda 5 a ɗaki ɗaya tak.

17/ Idan aka sayo 19 aka zo ɗauri ta gaza, me kuke zaton zai faru? Mai ɗauri ba zai koma wurin Alhaji ya ce na yi kuskure ba, don ya san zagin da zai sha. Zai buɗa tazarar ne a hankali, 20 ta koma 25, ta koma 30. Ko ya jona guntaye a tsakiyar ɗaki, daidai wurin da aka fi jan rodin. Gobe kankare ya rufe, shi ke nan, babu mai gani.

18/ Mai lissafi kuwa ya san guntayen nan 13 masu mita 3.2 ba shara ba ne. Su ne za su tafi rodin sama a kan bim, wanda yawanci yake miƙewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin ɗaki ta kowane gefe. Shi ya sa ake rubuta jadawalin yanka da lanƙwasa: kowace sanda da lambarta, tsawonta, siffarta da adadinta. Da shi ake zuwa kasuwa.

19/ Jona ma da ƙa'idarta. Inda dole sai an haɗa sanda biyu, ana haɗe su ne su yi tafiya tare kimanin sau 40 zuwa 50 na kaurin rodin. Ga mil 12, wajen santimita 50 zuwa 60 ke nan. A wurin Kawu na ga jonar da ba ta kai taƙi ɗaya ba, an naɗe ta da waya kamar ƙunshin goro. Wayar ɗauri riƙe rodi take yi kafin a zuba, ba ta ɗaukar nauyin gini.

20/ Akwai kuma ɗan abin nan da muke kira biskit, guntun kankare da ake sawa ƙarƙashin rodi ya ɗaga shi milimita 20 zuwa 25 daga katako. Kusan kyauta ne, ragowar siminti ake yi da shi. Rashinsa ke sa ka ga rodi yana leƙe a silin, damina biyu-uku ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fara yar da kankare. Da kujerun ƙarfe masu riƙe rodin sama, don kada lebura da baro su tattake shi ya kwanta.

21/ To mu zo kan "ai ɗan ragi ne kawai". Mil 12 a tazarar 20 yana ba ka ƙarfe murabba'in milimita 565 a kowace mita. Ka buɗa tazarar zuwa 30, ya koma 377. Ka sauya zuwa mil 10 a tazarar 30, ya koma 262, ƙasa da rabi. In kuma mil 10 ɗin na ƙarya ne, 9 ne, 212 ya rage. A ido duk raga ce ta ƙarfe. A lissafi an kwashe kusan kashi biyu cikin uku.

22/ Wannan ya kawo mu kasuwa. Akwai 'yan kasuwa masu tsoron Allah, na sani, ina hulɗa da su. Amma kowa a harkar nan ya san ana tambayarka, "cikakke kake so ko na daidai kuɗinka?" Rodin da ake kira mil 12 alhali 11 ne ya rasa kashi 16 cikin 100 na ƙarfensa. Milimita ɗaya fa. Ido ba zai kama ba, amma sikeli zai kama.

23/ Idan aka ƙirga maka sanda 94 na mai mil 11 aka ce ga tan ɗaya, kilo 843 ka ɗauka, ka biya kuɗin 1,000. In kuma aka ce maka tan ɗin wannan kamfanin sanda 110 ne, har kana murna ka samu gyara, to ba gyara ba ne. Ko dai sirara ne, ko gajeru, ko duka biyun. Tauye mudu ke nan, kuma kowa ya san abin da addini ya ce a kan masu tauye mudu.

24/ Maganin mai sauƙi ne. Ko a Ƙofar Ruwa kake saye, ko Dei-Dei, ko ina, ka tafi da tef. Ka zaɓi sanda da kanka daga tsakiyar ɗauri, ka auna tsawonta. A yanko maka mita ɗaya ka ɗora a sikeli. Mil 12 ya ba ka kusan kilo 0.89, rangwamen da ƙa'ida ta yarda da shi bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Ka ga 0.75, mil 11 ne. Ka yi sallama ka wuce gaba.

25/ Sikeli kauri kaɗai yake faɗa, ba ya faɗar ingancin ƙarfen. Rodin da ka lanƙwasa ya tsage ko ya karye kamar rake, ka mayar da shi. Babban gini kuwa, a kai samfuri ɗakin gwaji a ja shi da inji a ga ƙarfinsa. Sassan koyon injiniyan gine-gine a jami'o'i da kwalejojin fasaha da dama suna wannan gwajin. Kuɗinsa bai kai na ƙofar falo ɗaya ba.

26/ Yanzu masu gida, ku matso, da ku nake. Za ka sayi tayil na waje. Za ka yi silin mai fitilu kala-kala. Za ka sa get mai buɗe kansa. Amma da an ce ka biya injiniya ya yi lissafin rodi sai ka ce, "takarda kawai zan biya wa wannan kuɗin?" Abin da baƙi za su gani ka kashe masa, abin da zai riƙe rufin ka yi masa ƙoro. Araha dai ba ta ado.

27/ Abin dariyar ma, rashin lissafin ba ya ma tsare maka aljihu. Na sha zuwa inda aka rubuta wa mai gida rodi ya wuce kima, aka cusa mil 16 a banɗaki mai faɗin mita ɗaya da rabi, falo kuma aka bar shi da yunwa. Ragowar da guntaye suka bi ta bayan katanga zuwa wurin 'yan gwangwan. Wanda ba shi da jadawali, ba ya sanin an cuce shi ta sama ko ta ƙasa.

28/ Wani zai ce, ai akwai lissafin kan titi, kilo kaza a kowace mita kubik. E, akwai. Ana cewa dekin yakan ci wajen kilo 70 zuwa 120. Amfaninsa ka san ko kuɗinka zai kai kafin ka fara. Ka dubi tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ma ta ishe ka amsa. Ba ya gaya maka wane kauri, wace tazara, sama ko ƙasa. Da shi ake shirya aljihu, ba a ɗaurin rodi da shi.

29/ Wani kuma zai ce, gidan maƙwabcina haka aka yi, shekara 10 yana tsaye. Na ji. Injiniyoyi suna barin rara a lissafi saboda ranar tsautsayi, kuma wannan rarar ce ake cinyewa ana cewa "ga shi bai faɗi ba". Yana tsaye ne don ranar ba ta zo ba. Direban da yake gudu ba birki shi ma kullum yana isa gida, har ranar da akuya ta gitta.

30/ Ranar kuwa tana zuwa ta ƙofofin da muka sani. A ɗora tankin lita 2,000 a sama, tan 2 na ruwa a wuri ɗaya. A gina bangon bulo a tsakiyar dekin inda babu bim a ƙasa. A mayar da ɗakin sama sito, a jibge buhuna masu kilo 100. A yi biki mata su cika baranda suna kallon amarya. Kuɗi su shigo a ce a ƙara hawa. Ko a mayar da gidan Islamiyya.

31/ Ba mu manta ba. Ranar 1 ga Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi, Legas, ya rufto, mutum sama da 40 suka rasu. A Agustan 2022 wani bene da ake ginawa a titin Beirut a Kano ya rufta kan mutane. Ranar 12 ga Yuli 2024 makaranta ta rufto a Jos yara suna aji, mutum 22 suka rasu. Kowanne da nasa dalilan, amma duk mun yi ta'aziyya mun koma gidan jiya.

32/ Sai a ce ƙaddara. Kawu ma abin da ya ce mini ke nan: "Kai yaro, Allah ne ke tsarewa, ba rodi ba." Na ce haka ne Kawu, Allah ne ke tsarewa. Amma na ga ka sa wa shagonka kwaɗo uku da mai gadi. Me ya sa tawakkalin bai tsaya a ƙofar shago ba, sai a kan rufin da yara za su kwana? Ya yi shiru, ya ce ba ni da kunya.

33/ Mu injiniyoyi ma ba mu fita ba, kada a ce na kare 'yan uwana. Akwai mai sayar da hatimi, ya buga a zanen da bai karanta ba. Akwai mai kwafo zanen rodin wani gida ya canja suna. Akwai wanda zai yi zane mai kyau, amma ba zai taka wurin ba ranar ɗauri, sai dai a turo masa hoto ta WhatsApp. Wanda ya yi haka ya fi mai "na saba" laifi, don shi ya sani.

34/ Kuma ba duk mai farar hular kwano da ake kira "Injiniya" a wurin gini ne injiniya ba. COREN ce hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya. Ka tambayi mutum lambar rajistarsa, ba rashin kunya ba ne, mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Mai zanen gida daban, injiniyan tsari daban, masanin ƙididdigar kaya daban, magini daban. Kowa da gonarsa.

35/ Hukumomi kuma, SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ake sayarwa, hukumomin tsara birane na jihohi ke ba da izinin gini. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Kada a bar kowa ya zuba dekin sai wani mai rajista ya hau ya duba rodin ya sa hannu, da sunansa. Rana ɗaya ce tak ake iya ganin gaskiyar gini da ido, ranar da ke gaban zubi. Bayan nan sai dai a fasa.

36/ Ƙarshen labarin Kawu. Ranar Juma'a na ga ba zai saurare ni ba, na tafi wurin Hajiya Babba, mahaifiyarsu. Ban yi mata maganar milimita ba. Na ce, Hajiya, nauyin buhun masara 150 za a rataye a kan jikokinki da ƙarfen da bai kai ba. Ta aika aka kira shi. Na kuma gaya masa a gabanta, cikin ladabi, in aka zuba gobe zan kai rahoto da hannuna.

37/ An fasa zubin. Kafin alƙalamin mai inji ya tafi. Mun zauna da wani abokin aikina muka yi lissafi tun daga pila, aka saka bim ya raba falon, aka kwance rodin aka mayar da siraran wurin mai shago, aka ɗaga na baranda ya koma sama. Mai ɗaurin da ya ce da ido yake gani, shi ya ɗaure sabon, kuma wallahi ya yi aiki mai kyau da aka ba shi takarda. Har ya nemi in bar masa kwafi.

38/ Kafin ka zuba naka, ka tabbatar da waɗannan:
Zanen rodi mai hatimin injiniya.
Jadawalin yanka, da shi za ka kasuwa.
Tef da sikeli a wurin saye.
Ka ƙirga sandunan da aka ɗaure da kanka, ka auna tazara.
Biskit a ƙasa, kujeru a sama.
Rodin baranda a sama yake.
Injiniya ya hau ya gani kafin kwano na farko.

39/ Bayan zubi ma kada a yi gaggawa. A riƙa ba shi ruwa aƙalla sati guda, balle a zafin nan namu da iskar hunturu mai busar da komai. Kankare sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Kada kafinta ya zo ya cire gora a kwana biyar don yana da wani aiki a wata unguwa. Injiniyanka ne zai ce a cire, ba mai katako ba.

40/ Na san masu ɗaurin rodi za su cika mini akwati da saƙo. Bismillah, ku zo da biro da takarda mu yi lissafin tare, wanda ya fi ni gaskiya zan karɓa a bainar jama'a. Mai gini kuma, tambaya ɗaya za ka yi yau da daddare: wa ya lissafa rodin dekin ɗina, ina takardar? In amsar "ai ya saba" ce, ka tsayar da aikin. Ku tura wa duk wanda kuka san ya kai linta. Allah Ya tsare mu da iyalanmu. Kawu, in ka ga wannan, ina nan tafe gaisuwa ranar Juma'a.